Zanen jikin mota a Kaduna: fasaha ce ko kwalliyar tasha?

Sana'ar masu zana manyan motoci da hannu na ja da baya a arewacin birnin Kaduna, a daidai lokacin da wasu ƙasashe ke shigar da irin wannan zane a cikin jerin kayan gadonsu.

A watan Yunin shekara ta 2025 ne shugaba Bola Ahmed Tinubu ya kai ziyara Kaduna, inda ya ƙaddamar da wasu ayyukan gwamnatin jihar, ciki har da motocin safa guda 100 masu amfani da iskar gas da kuma cibiyar koyar da sana'o'i ta Rigachikun. Hankalin jama'a a lokacin ya karkata ne ga batun kuɗin mota, wanda ya yi tashin gwauron zabo tun bayan janye tallafin man fetur a watan Mayun 2023. To amma akwai wani sauyin da ke tafe tare da irin waɗannan motoci, wanda ba a cika tattauna shi ba: daga masana'anta suke fitowa da fentinsu da tambarin masu su, ba a bar wa mai burushi ko taƙi guda ba.

Haka lamarin yake a ɓangaren dakon kaya. A cikin wannan watan ne kamfanin Ɗangote ya ba da sanarwar shirinsa na samar da tankoki 4,000 masu amfani da gas domin rarraba man matatarsa a faɗin ƙasar. Gwargwadon yadda sufuri ke komawa hannun gwamnati da manyan kamfanoni, gwargwadon yadda ake samun ƙarancin motar da ke da mai ita guda ɗaya, wanda zai so jikinta ya yi magana da yawunsa.

Har yanzu dai tsofaffin motocin ba su ƙare ba. Duk wanda ya bi ta Mararrabar Jos a kan hanyar Zariya, ko ta Mando inda hanyar Birnin Gwari ta ɗauka, ko kuma Zangon shanu na Tudun Wada, zai ga gingimari mai bodin katako ɗauke da hatsi ko albasa ko dabbobi. A ƙyaurenta na baya akwai zaki ya turnuƙe da maharbi, ko mikiya ta ware fukafukai, ko ɗawisu a tsakiyar furanni, ko wani masallaci mai koren ƙubba a gindin dabino. A goshinta kuma, can saman kan direba, an rubuta karin magana irin su "Haƙuri maganin zaman duniya" ko "Hassada ga mai rabo taki ce". Abin tambaya a nan shi ne: shin wannan aiki fasaha ce da ta cancanci a adana ta, ko kuwa kwalliyar tasha ce kawai da babu asara in ta gushe?

Asalin sana'ar

Zanen mota ɗan tattalin arziƙin wani zamani ne. A cikin shekarun 1970, lokacin da kuɗin man fetur ya kwararo kuma jirgin ƙasa ya fara rasa matsayinsa na babban mai dakon kaya, gwamnatin tarayya ta haɗa gwiwa da kamfanonin ƙetare wajen kafa masana'antun harhaɗa motoci. Kamfanin Peugeot ya fara aiki a Kakuri, kudu da kogin Kaduna, a shekara ta 1975. Daga bisani aka samu Steyr a Bauchi, da Fiat a Kano, da Leyland a Ibadan, da kuma masana'antar Marsandi a Enugu. Muhimmin abu game da manyan motocin wancan lokaci, irin su Bedford da Marsandi 911, shi ne sau da yawa kan mota da ƙashinta kawai ake saye. Kafintoci ne ke ɗora mata bodi na katako, kuma katako sai da fenti in ana son ya jure ruwa da rana. Daga fentin kare katako ne aka zarce zuwa ado, daga ado aka kai ga hoto.

Kaduna ta dace da wannan sana'a saboda matsayinta. Tun da Turawan mulkin mallaka suka mayar da hedikwatar Arewa daga Zungeru zuwa can a shekara ta 1917, birnin ya zama mahaɗar hanyoyin Kano da Jos da Legas, daga baya kuma Abuja. Inda motoci ke kwana, nan makanikai da masu walda da kafintoci da masu fenti ke taruwa, kuma babbar matattararsu a arewacin kogi ita ce kasuwar Panteka da ke kusa da Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Kaduna.

A wancan zamani direban babbar mota mutum ne mai suna. Mamman Shata ya yi wa direbobi waƙoƙi, Ɗan Maraya Jos kuma ya yi wa yaran mota tasu. Motar da aka zana tamkar doki ne da aka yi wa kayan hawa, tun daga nesa ake sanin ko ta wane ce.

Abin da ido ke aunawa

Masu raina wannan zane kan ce kwaikwayo ne: zaki ɗaya ne ake ta maimaitawa, jikin mutum ba ya daidaita, launuka kuma sun cika ƙara. Akwai ƙamshin gaskiya a cikin zancen, domin ba kowane zanen mota ne ke da kyau ba, kamar yadda ba kowane zanen da aka rataye a ɗakin baje koli ne ya cancanci bangon da ya tare ba. Amma wannan suka na auna aikin ne da mudun da ba nasa ba.

Mai zanen mota yana aiki ne a kan alluna na katako da aka jera, masu tsagi a tsakaninsu, masu kan ƙusa da maɗauran ƙarfe da ke ratsa hoton. Yakan fara shata siffar da alli, sannan ya bi da fentin mai, wanda ba ya yarda da gyara barkatai, kuma dole ya san yadda zai sirka shi don kada ya zuba ko ya tsattsage. Mai kallonsa ba a tsaye yake ba. Direba ne da ke biye da motar a cikin ƙurar hunturu, ko mai talla a bakin titi da zai hange ta na ɗan lokaci kafin ta wuce. Saboda haka ake kaurara layin da ke zagaye siffa, ake haɗa ja da ɗorawa da shuɗi ba tare da sassautawa ba, ake girmama kan zaki fiye da ƙugunsa. Abin da mai suka ke kira kuskure sau da yawa dabara ce ta wanda ya san nisan da za a kalli aikinsa.

A nan ne kuma ake gane gwani da ɗan koyo. Gwani kan raba faɗin ƙyaure ta yadda maɗaurin ƙarfe ba zai faɗa a kan idon dabbar ba. Yana jan layi mai lanƙwasa da numfashi ɗaya, ba tare da hannu ya yi rawa ba. Yana rubuta boko da Larabci a mota guda, kowanne da tsayuwarsa. Masu motoci da direbobi sun san wannan bambanci sarai, shi ya sa wani kan tsallake mai zanen da ke kusa da shi ya kai motarsa wani gari. Duk inda ake da masu iyawa da marasa iyawa, da masu kallo da ke iya bambance su, da salon da ake gada daga maigida zuwa yaro, to sharuɗɗan da ake gindaya wa kowace fasaha sun cika.

Kazalika zanen bai faɗo daga sama ba. Maginan Zariya da Kano sun daɗe suna ƙawata fuskar gidaje da dagi da takubba da sauran siffofi, kuma a ƙarni na ashirin har keke da mota sun shiga cikin adon bangon. Ƙa'idar cike fili da daidaita dama da hagu, wadda ake gani a aikin babbar riga da na dukawa, ita ce dai ake gani a gefen gingimari. Abin da mai zanen mota ya ƙara shi ne abin da ya gani a silima da kalanda: jaruman finafinan Indiya, da 'yan dambe na finafinan Sin, da sojan Amurka mai ɗamarar harsasai. Masanin nan Brian Larkin, wanda ya yi bincike a Kano a cikin shekarun 1990, ya lura da yadda hotunan taurarin Indiya suka mamaye tasi da bas-bas na Arewa.

Wani abin lura kuma shi ne, a shekara ta 1958 wasu ɗalibai a kwalejin Zariya da ta zama Jami'ar Ahmadu Bello, ciki har da Uche Okeke da Demas Nwoko da Bruce Onobrakpeya da Yusuf Grillo, sun kafa ƙungiyar da ta yi kira da a gwama fasahar gargajiya da dabarun zamani. A yau ana koyar da tarihinsu a jami'o'i, ana kuma sayen ayyukansu da tsada. Masu zanen mota, a tazarar da ba ta kai kilomita 100 ba, sun yi irin wannan gwamin a aikace ba tare da sun rubuta wata sanarwa ba. Bambancin da ke tsakani shi ne waɗancan suna da takardar shaida, suna kuma sa hannu a kan aikinsu.

Motar da ke ƙetare kogi

Batun bai tsaya ga kyau ko muni ba. A Kaduna abin da aka rubuta a jikin mota na da nauyin da ba lallai ne a ji shi a wani gari ba. Tun bayan rikicin watan Fabrairun 2000 kan batun shari'a da kuma na watan Nuwamban 2002 kan gasar sarauniyar kyau ta duniya, mazauna birnin suka rarrabu, akasarin Musulmi a arewacin kogi, akasarin Kirista a kudu. Mota kuwa ba ta da unguwa, tilas ta bi ta gada. Addu'ar da aka rubuta a goshinta, ko hoton shehi ko malami da aka liƙa a gilashinta, na bayyana ko wane ne mai ita kafin ya buɗe baki. A lokacin zaman lafiya wannan ado ne, a ranar tashin hankali kuwa yana iya zama abin da zai jawo wa direba asarar mota ko rai. Ba abin mamaki ba ne idan mai motar da ke zirga-zirga tsakanin Kawo da Kakuri ya gwammace fure da tsuntsu, ko karin maganar da babu mai jayayya da ita.

A ɗaya ɓangaren kuma akwai matsayin malamai. Hadisan da suka yi gargaɗi game da zana abu mai rai sanannu ne, ko da yake malamai sun yi saɓani kan iyakar hukuncin, musamman a kan hoton da ba shi da inuwa. Akwai kuma masu ƙyamar rubuta ayar Alƙur'ani a wurin da taɓo da kashin dabbobi za su iya taɓawa. Irin wannan muhawara ba ta kashe sana'ar ba, illa dai ta tura wasu masu zanen zuwa ga shimfiɗar daji da rafi, da furanni, da ƙawata haruffa, wanda shi kansa fage ne mai faɗi da duniyar Musulmi ta daɗe tana taƙama da shi.

Yadda wasu ƙasashe suka yi

A shekara ta 2007 wani mai zane a birnin Miami na Amurka, Jona Cerwinske, ya lulluɓe wata mota ƙirar Lamborghini da zanen hannu, da alƙalamin tawada mai kaurin baki samfurin Sharpie, irin wanda 'yan makaranta ke kira maka. Hotunan motar sun zagaya duniya, aka yi ta gardama a kan ko fasaha ce ko ɓarnar dukiya. Tun kafin nan kamfanin BMW na Jamus ya fara gayyatar mashahuran masu zane su yi aiki a kan motocinsa a shekara ta 1975, inda Alexander Calder ya buɗe fage, Andy Warhol kuma ya shafe tasa da hannu a 1979. A shekara ta 1991 kamfanin ya miƙa mota ga Esther Mahlangu ta Afirka ta Kudu, wadda ta koyi zanen bangon gida na al'ummar Ndebele a wurin mahaifiyarta da kakarta. Abin da ta ɗora a kan motar shi ne dai abin da matan ƙauyensu ke yi a bangon ɗakunansu. Sunan kamfanin ya ƙara sa duniya ta waiwaye shi.

Misalan da suka fi kama da na Kaduna su ne na motocin talakawa. A birnin Buenos Aires na Ajantina hukumomi sun haramta adon gargajiya a jikin motocin safa a shekara ta 1975, bisa hujjar cewa yana rikita fasinjoji wajen karanta lamba da hanyar mota. Shekaru 40 bayan haka, a 2015, hukumar UNESCO ta sanya wannan salon zane a cikin jerin al'adun gado na bil'adama. A 2023 ta yi haka ga zanen kekunan haya na birnin Dhaka a Bangaladash. A Pakistan kuwa zanen manyan motoci ya zama abin da ƙasar ke nuna wa baƙi, har aka zana wata babbar mota a gaban jama'a a bikin al'adu na cibiyar Smithsonian da ke Washington a shekara ta 2002. Ita ma ƙaramar safar haya ta birnin Dakar, mai launin shuɗi da ɗorawa, ta samu gurbi a wani gidan tarihi na birnin Paris.

Nijeriya ba baƙuwa ba ce a wurin UNESCO: bikin kamun kifi na Argungu ya shiga jerin a 2016, hawan sallar Kano kuma a 2024. Masana na ƙetare ma sun lura da zanen motocin ƙasar tun da daɗewa, domin mujallar African Arts ta buga maƙala a kansa a shekara ta 1979. Sai dai ba kasafai ake jin sunan mai zanen mota a cikin jerin waɗanda ake baje kolin ayyukansu a Legas ko Abuja ba.

Sitika ta fi araha

Babu wata doka da ta hana zanen mota a Kaduna kamar yadda aka yi a Ajantina. Ko da yake ana tilasta wa motocin haya na cikin gari launin da hukuma ta ƙayyade, kuma jami'an kiyaye haɗurra na hana duk abin da zai tare wa direba gani ko ya rufe lambar mota, ainihin abin da ke cin sana'ar shi ne kasuwa.

Manyan motocin da ake shigowa da su a yanzu, musamman daga ƙasar Sin, da bodinsu na ƙarfe suke zuwa. Tirela mai ɗaukar kwantena ba ta da ƙyauren da za a zana. Sannan ga na'urar buga hoto a leda, wadda ta yaɗu a shagunan ɗab'i tun daga shekarun 2000. Aikin da zai ci wa mai burushi kwanaki, kuma mota na ajiye ba ta kawo kuɗi, mai kwamfuta zai fitar da shi kafin la'asar. Tun bayan faɗuwar darajar naira a 2023 farashin fenti da sauran kayan aiki ya tashi, kuma mai motar da ke fama da kuɗin gas da taya, ado ne abu na farko da zai haƙura da shi.

Sha'awar adon dai ba ta mutu ba, wuri ta sauya. Keken nan mai ƙafa uku, wanda ya fara yaɗuwa ƙarƙashin shirin yaƙi da talauci na NAPEP a farkon shekarun 2000, ya zama sabon allon matasa. A bayan rumfarsa ake rubuta laƙabi da habaici da sunan ƙungiyar ƙwallon ƙafa, wani lokaci da yankakkiyar sitika, wani lokaci da maka ko ɗan burushi. Wasu daga cikin waɗannan rubuce-rubuce na nuna hannu mai kyau. Amma tawadar maka ba ta jure rana sai an bi ta da fenti mai sheƙi, sitika kuma kan kwaɓe ta dushe. Mafi muhimmanci, hoton da aka sauko da shi daga intanet iri ɗaya ne a Kaduna da Kano da Maradi, ba ya ɗauke da hannun kowa.

A nan ne ya kamata a yi adalci ga masu sitika. Su ma masu neman abinci ne, kuma da dama daga cikin tsofaffin masu rubuta alluna sun koyi kwamfuta don kada a bar su a baya. Babu mai ikon tilasta wa mai mota ya biya kuɗi mai yawa saboda tarihi. Abin da ke hannun hukuma shi ne koyarwa da adanawa.

Sauran dama a Panteka

Lokacin da Farfesa Idris Bugaje ke shugabancin Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Kaduna, kafin a naɗa shi shugaban hukumar kula da ilimin fasaha ta ƙasa, NBTE, a shekara ta 2021, kwalejin ta ƙulla alaƙa da masu sana'a na Panteka domin a tantance ƙwarewarsu a ba su takardar shaida ta ƙasa. Gwamnatin Uba Sani, wadda ta hau mulki a 2023, ta ɗauki alkawarin sabunta kasuwar ta zama cibiyar ƙere-ƙere. Manufar ita ce wanda ya koyi aiki a gaban maigida ya samu takardar da za a amince da ita a gida da waje.

Irin wannan tsari ya fi karkata ga sana'o'in da masana'antu ke nema, kamar walda da aikin famfo da wutar lantarki da fesa wa mota fenti. Fesa fenti kuwa daban, zane daban. Idan manhajar ta tsaya ga na farko, yaron da ke da hannun zane zai fita da takardar mai fesa fenti, abin da maigidansa ya sani na rarraba siffa a kan allo da jan harafi kuma ya tafi tare da maigidan. Shigar da zanen hannu da rubutun alluna a matsayin fanni mai zaman kansa ba zai buƙaci injuna masu tsada ba, kuma yana da kasuwa a wajen tasha: bangon makarantu, da shaguna, da gidajen abinci, da kayan tsaraba.

Ta fuskar adanawa kuma, gidan tarihi na ƙasa da ke kan titin Ali Akilu, wanda aka buɗe a shekara ta 1975 a tsohon ginin jam'iyyar NPC, da Gidan Arewa da ke adana takardun tarihin yankin, da sashen koyar da zane na Jami'ar Ahmadu Bello, duk suna kusa da inda motocin ke tsayawa. Ɗaukar hotunan ayyukan da suka rage, da rubuta sunayen waɗanda suka yi su da na iyayen gidansu, aiki ne da ɗaliban aji guda za su iya farawa a zango ɗaya na karatu.

Lokaci ne dai ba ya jira. Bodin katako na da iyakar shekarunsa a kan hanya, kuma idan mota ta tsufa, ƙarfenta ake aunawa a sayar wa 'yan gwangwan. Allunan da ke ɗauke da zanen ba su da farashi a wannan ciniki, galibi sukan ƙare ne a matsayin benci a gareji ko makamashi a murhun mai shayi.